Sabon Soso

"Ƙara soso a bayan," ya ce wa mai ɗinkin kujerar babur a Kazaure. "Tsoho nake ɗauka."

Wata huɗu ke nan yana kawo mahaifinsa asibiti daga Gwiwa, kuma kowane rami sai tsohon ya yi nishi: "Kai, katakon nan naka zai ƙarasa ni kafin ciwon!"

Mai ɗinkin ya danna sabuwar kujerar da yatsa. "Ko ƙwai ka ɗora, lafiya zai isa."

Ɗan ya koma asibiti ya ɗauko tsohon, ya ɗaure shi a bayansa da rawani kamar kullum, don kada ya zame. Suka kama hanya. Rami ya wuce, gargada ta wuce, ba nishi, ba faɗa. Kan tsohon ya kwanta a kafaɗarsa. Ya yi murmushi, ya rage gudu kada ya tashe shi.

A ƙofar gida ya ɗaga murya: "Inna, yau har barci Baba ya yi!"

Ta taɓa hannun mijinta, ta ji shi sanyi ƙalau, ta yi salati.

"Kada ka kwance rawanin tukuna," ta ce a hankali. "Bari in kira maza su sauke shi."