Minti Goman Ƙarshe na Ustaz Mahrus

Akwai munafuki a labarin nan, kuma ba zan kama sunansa yanzu ba. Ku dai riƙe maganata.

Shekara talatin da ɗaya Ustaz Mahrus ya yi yana koyar da lissafi cikin harshen Larabci a wata makarantar gwamnati a garin Damanhur na ƙasar Masar. Rana ɗaya aka ce daga yau lissafi da kimiyya sai da Turanci. Aka tura dattijo kwas na sati uku, aka ce ya dawo Bature. Ɗalibansa kuwa 'ya'yan direbobin tuktuk ne, wato keke mai ƙafa uku, da masu sayar da dafaffen wake a bakin tasha. Ya yi ta surfa musu Turanci, suna kallonsa kamar an kunna rediyon wata ƙasa.

Sai ya samo dabara. Idan saura minti goma a tashi, ya rufe taga, ya tokare ƙofa da kujerarsa, ya sake darasin tun daga farko da Larabcin kasuwa: burodi biyar, bakuna uku, a raba. Nan take za ka ji aji ya ɗauka, "Aaa, ashe shi ke nan!" Yara talatin da takwas, ba wanda ya taɓa fitar da zancen.

Matsalar ɗaya ce: ajinsa ya fara cin jarrabawa fiye da ajin da ke kusa, wanda malaminsa ke Turanci kamar ruwan famfo. Abin da ya kawo sufeto ke nan, Dakta Gindi, mutumin da ko sunansa na yanka ba a sani ba, sai sa hannunsa a ƙasan takardun canjin wurin aiki. Ya zauna a bayan aji yana buga biro a haƙoransa. Ya daɗe yana duba makin yara. Ya daɗe yana duban kujerar da ƙafarta ta goge fentin ƙofa.

"Ustaz," ya ce, "kalma ɗaya ta Larabci ta iso kunnena daga ajin nan, sai ƙauyen da mota ba ta zuwa."

Saura shekara biyu Mahrus ya yi ritaya. Gwiwoyinsa sun gama yawo, matarsa kullum tana hanyar asibiti. Ƙauye a wurinsa kabari ne da allo.

Bayan sati guda aka kawo masa sabuwar ɗaliba a tsakiyar zango, daga ajin mai Turancin famfo, da takarda mai hatimin ofishin ilimi. Rudaina. Ya je wurin shugabar makaranta, Abla Sausan.

"Wa ya ce a kawo ta?"

"Daga sama aka ce."

"Wane saman? Na Allah ko na ofis?"

"Sha shayinka, Ustaz. Kar ka sa ni a bakin mutane."

Yarinyar ta zaɓi layin gaba. Ba ta hira, ba ta dariya, sai buga biro a haƙora. Duk minti talatin da biyar na Turanci hannayenta suna kan tebur. Da zarar Ustaz ya ja kujera zuwa ƙofa, hannunta ɗaya ya sulale ƙarƙashin tebur. Ya gani ranar Lahadi. Ya gani ranar Litinin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ya daina Larabcin. Sati uku ƙofa a buɗe, taga a buɗe, Turanci zalla har ƙararrawa. Maki ya zube kamar ganyen kaka. Yara suka fara harararta, wani ya zuba mata tawada a jaka. Ita ma ta ci huɗu cikin ashirin, ta kifa kai tana kuka. Mahrus ya ce a ransa: har kuka aka koya mata.

Ranar Laraba ya ɗana tarko. Ya rufe taga, ya tokare ƙofa, ya fara, "Burodi bakwai..." sai ya yi wuf ya cafke hannunta. Waya ce, tana naɗar murya. A ciki ga muryarsa an jera, kowace da kwanan watanta.

"Wa ya aiko ki?"

"Wallahi, Ustaz, babana ne ya ce..."

"Kowa da babansa! Gobe ki zo min da shi, in ga mai ba da hayar 'yarsa ga ofis."

Ya jefa wayar a aljihu.

Washegari lokacin hutun tara, yana zaune shi kaɗai a aji da burodinsa a hannu, Dakta Gindi ya shigo. Mahrus ya ajiye burodin. Tunda an kai ga haka, ya ce bari ya mutu a tsaye.

"Rubuta takardarka, Dakta! E, na yi Larabci, kuma gobe ma da zan yi. Ku kuna ofis kuna shan iskar fanka, ni nake kallon idon yaro ya mutu a kan abin da uwarsa ke lissafawa da ka a kasuwa. Amma ka ji kunya! Yarinya ƙarama ka mayar 'yar leƙen asiri?"

Sufeto ya leƙa waje. Ya taka ya rufe taga. Ya ja kujerar, ya tokare ƙofa da ita daidai inda fentin ya goge. Sannan ya sunkuyo, murya ƙasa ƙasa, da Larabcin kasuwa.

"Ka ce ta zo da ubanta, ga ni. Ba ta wayar, Ustaz, da ita take bita da yamma. Kuma don girman Allah ka koma rufe ƙofar nan. Da ƙyar na samo mata ajinka, tun da ka daina ba ta gane komai."

Na ce muku akwai munafuki. Wanda ya isa ya musa.