Intanet Saboda Lailatu

Batulu na bayan labule lokacin da Zaharaddini, mai haɗa intanet a Talata Mafara, ya shimfiɗa takardarsa a gaban Imrana.

Tsari biyu ne, in ji shi. Na farko yana da saurin saukewa, ya dace da kallon fim da jin wa'azi, amma turawarsa ba ta da ƙarfi. Na biyu turawa ce ƙarfinsa.

"In kiran bidiyo ne, wanga na biyun," in ji Zaharaddini. "Da na farko kai za ka gan ta sarai, ita ko za ta ga hotonka na tsattsayawa."

"Ni dai so nike Lailatu ta gan ni da kyau," in ji Imrana.

Batulu ta ji sunan har cikin ƙirjinta. Wata uku ke nan da matar nan ta samo lambarsa daga Jidda. Tun daga ranar, in ya dawo daga gonar shinkafa a Bakura, sai ya bar tuwonsa ya huce, ya fita ƙofar gida neman inda waya ke kamawa. Da, ita yake fara ba labarin wuninsa. Yanzu har maganar fasfo ta ji yana yi.

Ta ɗaga labulen. "Ka ɗauki na farkon. Ina son jin wa'azi."

Ba wa'azin ne ya dame ta ba. So take Lailatu ta gaji da kallon fuskar da ke yankewa, ta haƙura.

Imrana ya sunkuyar da kai. Bai taɓa yi mata musu gaban baƙo ba. A hankali ya ɗora yatsa kan na biyun.

Ran Juma'a da la'asar aka haɗa. Daga tsakar gida Batulu na jin muryar Lailatu tar, kamar tana cikin ɗakin, tana yabon idanunsa, tana cewa ya rame, tana tambaya ko yana cin abinci. Batulu ta ajiye muciya, ta shiga ta zare igiyar wutar na'urar intanet ɗin daga bango.

Imrana ya tashi. Ya mayar da ita, ya jira fitilar ta dawo kore, ya sake kira. Sannan ya miƙo mata wayar da hannu biyu.

"Tun farko ke taka son gani, kunya ta hana ta."

Batulu ta karɓa. Matar da ke cikin wayar ta daɗe tana kallonta, hawaye na zuba.

"Yaya," in ji Lailatu, "kwana arba'in da haihuwarsa na aje miki ɗana na tafi, ga shi kin maishe min da shi mutum."