Uban Aro

"Wa zai tsaya masa beli?" in ji alƙali.

Telan da ake tuhuma ya sunkuyar da kai. Ɗazu ya ba da shaidar zur da sunan aro, har da uban aro, don ya wanke maigidansa, sai lauya ya tona shi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Can baya mahaifinsa ya miƙe yana dogara sanda, sanye da rigar da telan ya ɗinka masa.

"Baba," in ji telan.

Tsohon bai ko dube shi ba.

"Ranka ya daɗe, da kunnena na ji ya faɗi sunan ubansa, kuma ba nawa ba ne. A nemo wancan ya tsaya masa."