Dunduniyar Golondrina

Shekara talatin Don Heliodoro yana yi wa dawakin garin La Ceja takalmin ƙarfe da awon ido kawai. Sai ga Wilmar, wanda shi Heliodoro ya koya wa riƙon guduma, ya dawo daga birnin Medellín da wani ɗan ƙarfe na auna karkatar kofato. Cikin damina biyu masu dawaki suka koma wajensa. Har Golondrina, goɗiyar da Heliodoro ya fara datse wa kofato tun tana 'yar duƙushiya.

Ana saura kwana uku gasar takun dawaki, Wilmar ya shigo maƙera da hannun dama a naɗe.

"Maigida, alfadari ya take ni. Golondrina fa? Ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

"To ina ƙarfen naka mai ilimi? Shi ma an take shi?"

Wilmar ya yi dariya, ya ɗaga masa ƙafar goɗiyar, ya riƙe ta gam.

Heliodoro ya ga aikin da ke jikin kofaton, tsaf, babu inda zai kushe. In ta ci, Wilmar za a yaba, ba shi ba. Ƙafa uku ya yi su yadda ya kamata. A ta hagu ta gaba ya ƙara goga magagari sau huɗu a dunduniya. Ba za ta ji ciwo ba, ido ma ba zai gani ba. Kunne ne zai ji.

Ranar gasa aka hau da ita kan dogon katakon da alƙalai ke sauraron taku. Taka-taka-taka, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai ƙafa ɗaya ta fara makara. Alƙali ya nuna mata ƙofa.

Heliodoro ya kurɓi kofinsa. Rabon da kofi ya yi masa daɗi haka har ya manta.

Wilmar ya kutso cikin jama'a, ido jawur, ya dafa shi.

"Ka yafe mini, Maigida. Hannuna lafiyarsa ƙalau. Na tabbata za ta ci, na ce bari gari ya tuna wanda ya koya mini. Tun safe ake ta faɗa a lasifika kafin ka iso: takalmin Golondrina aikin Don Heliodoro ne."