Gurbi na Goma Sha Biyu

Katuna goma sha biyu ne a jere kan teburin taro, kowanne da sunan manhaja a jikinsa. Haka dokar kamfanin take tun kafuwarsa: goma sha biyu kaɗai ke zuwa a cikin wayarsu tun daga kwali, kuma duk sabuntawar da aka tura, da su take sauka a wayoyin da ke hannun jama'a. Mai son shigar da sabuwa, sai ya ɗaga katin wata da hannunsa, a cire ta.

Injiniya ya ajiye nasa katin a gefe. Ina Kuke, sunan da ya raɗa mata ke nan. Wata takwas ya yi yana gina ta. Aikinta ɗaya ne: duk wanda ya yi wa wayoyin iyalinsa rajista da sunansa, za ta nuna masa inda kowacce take.

Babu wanda bai san labarinsa ba a ofishin. Wata tara da suka wuce ya koma gida ya tarar babu matarsa, babu 'yarsa mai shekara biyar. Tukunya na kan murhu, takalmin yarinyar ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Layin matar ya daina shiga tun ranar, duk da wayar sabuwa ce, shi ya saya mata, shi ya yi mata rajista. Surukarsa ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Mutane suka ce baƙin ciki ne, Allah Sarki.

Tun daga nan ba ya rabuwa da wani ambulan a aljihun ƙirjinsa. In magana ta yi nauyi sai ya dafa shi. Abokan aiki sukan kau da kai, don ba a tambayar uba hoton 'yarsa.

Shugabar sashen gwaji, dattijuwar da kowa ke kira Inna, ta juya katin gaba da baya.

"Ɗan nan, ban ga wurin cire ta ba."

"Babu, Inna. In aka sa, yara ne za su fara cirewa."

"To wanda ake nema fa? Zai san ana kallonsa?"

"In ya sani, mai satar mutane ma ya sani ke nan."

Manaja ya yi dariya. "Inna ai ko ruwa aka ba ta, sai ta gwada shi sau uku kafin ta sha."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ji. Wacce za ka ɗaga?"

Kowa ya zaci agogon awon tafiya zai cire, ko wasan nan na jera duwatsu. Hannunsa ya tsallake su duka, ya sauka kan kati na ƙarshe. Agaji ce, wadda in mutum ya danna gefen waya sau uku take kiran 'yan sanda ba tare da ƙara ba.

"Aiki ɗaya suke yi," in ji shi a hankali, tafinsa a kan aljihu. "Da tawa tana nan, da yanzu ina tare da su."

Aka zo ƙuri'a. Hannu biyar suka tashi, suka yi rinjaye. Inna ta bar nata a kan cinya, leɓunanta na motsi da abin da Allah kaɗai Ya ji.

Ranar Litinin da hantsi sabuntawar ta fita. Injiniya ya rufe ƙofar ofishinsa, ya zauna, ya buɗe taswira. Minti goma babu komai. Minti ashirin. Yana jin ana tafi a ɗakin taro.

Sai ga ɗigo ja ya bayyana, can bayan gari, kan wani layi da bai taɓa bi ba. Ɗigon ya motsa kaɗan, ya tsaya kusa da wata makarantar yara.

Ya daɗe yana kallonsa. Numfashinsa ya daidaita, irin yadda bai yi ba tun wata tara.

A baranda ya ci karo da Inna. Ta dubi mukullin motar da ke hannunsa, ta dubi fuskarsa.

"An dace?"

"An dace, Inna."

Kafin ya tayar da mota ya zaro ambulan ɗin, ya buɗe, ya yayyaga abin da ke ciki ya watsar ta taga: takardar kotun da ta hana shi kusantar matar da yarinyar har iyakar rayuwarsa.