Lambar Dije

Malam Barmo ya kai sunan 'yarsa ofishin rajista a rubuce. Shekara arba'in bai taɓa furta shi ba, don kunyar 'yar fari. Yanzu doka ta ce a mayar da kowane suna lamba, kuma wanda ya sa sunan shi ke kaiwa.

Ma'aikaciyar ta nuna wa na'ura takardar, kowane harafi na Dije ya koma alama biyu: 44 69 6A 65.

Ya ce wa ma'aikaciyar, "Karanta mini, 'yata."

Ta karanta, ya maimaita sau uku yana ƙara murya, har dariya ta ƙwace masa. Yau zai tsaya a ƙofar gidan Dije ya ƙwala mata kira da lambar, ba sauran "ke", ba mai cewa ya yi rashin kunya!

Ma'aikaciyar ta ce, "Saura goge tsohon sunan, Baba. Danna nan. Ai ko kiransa ba ka yi. Ni nawa ma sai na yi tunani nake tunawa."

Ya dubi takardar. Sunan marigayiya mahaifiyarsa ne ya sa wa yarinyar. Ya ninke ta, ya cusa cikin hula.

"Ba zan danna ba."