Dutsen Ƙarƙashin Kujera

Ina masallaci motar mahaifina ta gangara da kanta, ta rushe katangar maƙwabci. Birkin hannu kuwa a ɗage yake.

Jiya na canza mata taya a hanyar Jiratawa, fitarta ta farko bayan rasuwarsa. Na ɗauka ni na ɓata wani abu.

Makanike a Sabon Gari ya cire tayar baya, ya ja wayar birkin. Ta biyo hannunsa a tsinke, duk tsatsa.

"Malam, wannan ta mutu tun ba ka yi gemu ba."

Ya sa sabuwa, birki ya kama.

Na shaida ma Inna an gyara. Ba ta tambayi batun katanga ba.

"Ina dutsen ƙarƙashin kujera? Tun kana can karatu babanka ke tokare taya da shi, har hannunsa ya goge shi."

Da shi na tokare motar jiya, na bar shi can.

Na koma Jiratawa. Yana nan bakin hanya, na uku a murhun mai ƙosai, ya yi baƙi, yana riƙe da kasko.

Na sayi ƙosai, na kai ma Inna.